Kuskure a Tallan Kaya: Tambayoyi da Amsoshi ga Sabbin Masu Sayarwa ta Intanet a Yamai

Wannan shafi na waɗanda suka fara tallan kaya ne ta WhatsApp, Facebook ko TikTok daga nan Yamai, ko suna da shago ko daga ɗaki suke sana'ar. Tambayoyin duk a kan abu ɗaya suke: ka sa talla, ya fita, sai ka ga abin da ka rubuta ko ka nuna ba shi ne ainihin abin da ke hannunka ba.

Na rubuta farashi ba daidai ba, kuma mutane sun riga sun gani. Da me zan fara?

Fara da tsayar da tallan, kafin ka tsaya ba kowa amsa. Duk mintin da ya ƙara yi a waje, wani ne zai ɗauki hotonsa ya tura wa ƙawarsa ko ƙanensa, kuma wannan hoton ba ka da ikon goge shi daga wayar kowa. Bayan ka cire, sai ka sa gyara a daidai wurin da kuskuren ya fito. In a status ne, gyaran ya fito a status. In a rukuni ne, ya fito a rukunin, ba a saƙon mutum ɗaya ba. Gajeren zance ya isa: "Jama'a ku yi haƙuri, farashin jakar nan 15000 ne, ba 1500 ba. Kuskuren rubutu ne daga wajena."

Daga nan ka bi waɗanda suka riga suka yi maka magana ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wanda ka ba lambar tura kuɗi, don shi ne zai iya tashi ya tafi ofishin tura kuɗi na Nita ko Amana ya biya kafin ya ga gyaran. Muddin kuɗi bai motsa ba, maganar ba ta wuce ban haƙuri. Da zarar ya motsa, ta zama ta mayarwa, da kuɗin turawa, da zargi.

Abin da ba na ba kowa shawarar yi shi ne gyaran shiru, wato a canza lambar a yi kamar ba a taɓa rubuta ta farko ba. Wanda ya ga 1500 da idonsa zai dawo ya ga 15000, ya tambaye ka, ka ce masa ai haka yake tun farko. Daga ranar ba zai ƙara yarda da lambarka ba, ko da ta gaskiya ce.

Me ya sa rikicin farashi ya fi yawa a wajenmu?

Saboda da lissafi biyu muke kwana, wani lokaci ma uku. A baki da dala muke ƙirge, a rubuce kuma da faran ɗin sefa. Dala ɗaya faran 5 ce, dala ashirin faran 100, dala ɗari faran 500, jikka guda kuma faran 1000. To in ka yi saƙon murya ka ce takalmi "dubu biyu", tsohon ɗan kasuwa zai ji dala dubu biyu, wato faran 10000, jikka goma. Ɗalibin jami'a da ya saba da rubutu zai iya jin faran 2000. Dukansu ba wanda ya yi ƙarya, kai ne ba ka fayyace ba.

Na ukun shi ne naira. Mai sarin kaya daga Kano ko Sakkwato yakan samu hoto da farashin naira a jikinsa, ya tura shi yadda ya zo. Lambar da ke kan hoton ba taka ba ce, kuma canjin naira da sefa ba ya zama wuri ɗaya. Yanke wurin lambar ko ka sake ɗaukar hoton da kanka.

Maganin duka guda ne. Rubuta farashi da lambobi, ka bi shi da F ko FCFA, in kuma ka yi murya ka faɗe shi da jikka: "7500 F, jikka bakwai da rabi." A wurin da manhaja ta ware don farashi kuwa, sa lambobi zalla, babu ɗigo babu tazara. Mun saba rubuta 15.000 irin na Faransanci, amma ba kowace manhaja ce take karanta ɗigon nan yadda muke nufi ba, sai ka buɗe tallan ka ga kayanka a kan 15.

Wani ya nace sai na sayar masa a farashin kuskuren. Dole ne?

A nan ne ake buƙatar natsuwa, don amsar ta danganta da inda maganarku ta kai.

In talla kawai ya gani, bai yi tayi ba, ba ka sallama masa ba, to ba a yi ciniki ba tukuna. Ka ba shi haƙuri, ka faɗa masa farashin gaskiya, ya ɗauka ko ya bari. Ballantana in kuskuren na kowa ya gani ne, kamar firiji a kan jikka goma sha biyu. Wanda ya matsa a kan irin wannan ya san kuskure ne, sa'a yake gwadawa.

In kuwa kun yi ciniki, ka ce "na sallama", ya tura kuɗi, sannan ka gano ka yi ƙasa da farashi, to maganar ta yi nauyi. Duba girman giɓin. In riba ce kawai ta tafi, uwar kuɗi na nan, ra'ayina shi ne ka cika alkawari ka ba shi kayansa, ka gaya masa kuskure ka yi amma ba za ka janye maganarka ba. Jikka guda ko biyu da ka rasa ba su kai darajar mai sayen da zai dawo ba. In kuma asarar za ta ci jari, musamman ga wadda da kuɗin adashe ta fara, sai ka roƙe shi a warware cinikin. Roƙo ne, ba umarni ba. Addini ya san da wannan ƙofa, malamai suna kiranta iƙala, kuma akwai hadisi a kan cewa wanda ya yarda ya warware wa Musulmi ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Kira shi a waya, kada ka tsaya rubutu: "Hajiya, don girman Allah ki yi mini uzuri. Ni na yi kuskuren lissafi, kuɗin da kika turo bai kai abin da na saro ba. Ko ki cika jikka huɗu, ko in mayar miki da kuɗinki yanzu har da na turawa, duk wanda kika zaɓa." Mutane da yawa sukan sassauta in aka zo musu ta haka. Wanda ya ƙi kuma, a sa wani babba da kuka yarda da shi ya shiga tsakani.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen: ka rubuta sama da farashi, mai saye ya biya bai ce komai ba. Mayar masa da rarar. Ba sai an tsawaita ba.

Yaya ake gyarawa a kowane dandali?

Status na WhatsApp ba ya gyaruwa bayan ya fita. Sai dai a goge a sake sa wani, in ba haka ba zai zauna har awa 24. Kafin ka goge, buɗe jerin waɗanda suka gani, don ka san su wa za ka bi. Saƙon da ka tura wa mutum ko rukuni ana iya gyara shi cikin minti 15 na farko, kuma zai nuna cewa an gyara. Bayan haka sai gogewa ga kowa, wadda ita ma tana da wa'adi na kamar kwana biyu. Mai WhatsApp Business ya fi samun sauƙi, don kayan da ke cikin katalog ana canza musu farashi da bayani da hoto a kowane lokaci.

A Facebook ana gyara rubutun talla, amma tarihin gyaran yana nan ga duk wanda ya so dubawa, wani dalilin ke nan da ya sa gyaran shiru ba ya ɓoye komai. A Marketplace, wato kasuwar da ke cikin Facebook, akwai wurin gyara bayanin kaya da wurin nuna cewa an sayar. Bidiyon TikTok kuwa, in a bakinka ka faɗi farashin kuskure, ba yadda za ka cire maganar daga ciki. Ko ka goge bidiyon, ko in ya riga ya yi nisa kana jin asarar masu kallo, ka rubuta gyaran a ƙarƙashinsa ka kuma yi wani gajere na gyara. Ni dai gogewa na fi so, don ba kowa ke karanta abin da ke ƙasa ba.

Mai saye ta ce launin atamfar ba shi ne na hoto ba. Laifina ne ko na waya?

Sau da yawa na haske ne. Hoton da aka ɗauka da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki yana sa shuɗi ya yi duhu, ja ya koma ruwan goro. Wasu wayoyin ma da kansu suke ƙara wa launi ƙarfi. Amma ita mai saye ba ruwanta da wannan, abin da ta gani shi ta biya. In bambancin ya fito fili, karɓi kayanki ki canza mata ko ki mayar da kuɗi, muddin ba a yanka ba, ba a kai wa tela ba.

Don gaba, a ɗauki hoto da rana a inuwa, a kan farin ƙyalle, ba tare da wani ado na manhaja ba. A ƙara da ɗan bidiyo ana juya yadin a hannu, shi ya fi nuna ƙyallin shadda da kaurin lesi. Hoton kamfani kuwa, wanda aka samo daga wajen mai sari, shi ne babban mai jawo rigima. An ɗauke shi a ɗakin hoto da kayan aiki, wataƙila ma na asali aka ɗauka alhali abin da ya iso hannunki kwaikwayo ne. In dole sai kin yi amfani da shi, ki sa naki kusa da shi.

Awo fa? Na rubuta mita, ashe yadi ne.

Yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya. Turmin atamfa mai yadi 6, wato zane uku, kusan mita 5 da rabi ne. Wanda ya sayi shadda mita 5 don ɗinkin manyan kaya aka kai masa yadi 5, an rage masa kusan rabin mita, kuma tela ne zai fara gano hakan. Cika masa ko ka rage kuɗin daidai abin da ya ragu.

Takalmi ma haka. Mu lambar Turai muka saba da ita, 40, 42, 44, amma wani kayan da lambar Ingila ko Amurka yake zuwa, inda 8 ta Ingila take kusan 42. Ɗauki hoton lambar da ke cikin takalmin. Kayan bosho kuma, wato tufafin gwanjo, kada a dogara da harafin da ke wuya, a auna faɗi da tsawo da tef a rubuta.

Na ce wayar sabuwa ce, ashe an taɓa buɗe ta. Ban sani ba lokacin da na sa tallan.

Rashin saninka ya wanke ka daga niyyar ha'inci, amma bai ɗora wa mai saye asarar ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi a ƙasar nan, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a faɗa masa ba yana da damar mayarwa. Kuma kowa ya san hadisin tarin abincin da ruwa ya jiƙa aka ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, inda Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Daga lokacin da ka sani, shiru ya zama ɓoyewa. Kira shi tun kafin ya kira ka, ka ba shi zaɓi: ya dawo da ita, ko a sake farashi a matsayin ta hannu.

A tallan waya wurare uku ne sababbi suka fi tuntuɓe. Na farko haɗa giga na ajiya da na gudun waya (RAM), a rubuta 128 ba a faɗi ɗayan ba. Na biyu rashin faɗin cewa an canza gilashi ko batir. Na uku cewa "sabuwa" alhali gyararriya ce aka sa a kwali. Ɗauki hoton shafin bayanan wayar daga cikinta, ka danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwalin. In sun saɓa, kada ka rubuta sabuwa.

Abu ɗaya ya rage, mutum biyu sun turo kuɗi.

Wanda ka fara sallama wa shi ke da kaya, ba wanda ya fi kusa da kai ko ya fi surutu ba. Na biyun a mayar masa da kuɗinsa a ranar, cikakke. Kada ka riƙe da sunan wani kayan zai iso mako mai zuwa, sai in shi ya ce ya yarda ya jira, kuma ya faɗa a rubuce. Dalilin irin wannan kusan kullum ɗaya ne: an sa kaya a status, da rukuni uku, da Facebook, aka sayar a wuri ɗaya aka manta sauran.

Na yi kuskuren lamba ɗaya a lambar wayata, wani ya tura kuɗi can.

Wannan ya fi kuskuren farashi ciwo, don kuɗin ya tafi hannun wanda ba ya cikin cinikin. Nan take mai saye ya kira kamfanin da ya tura ta wajensu, ko Airtel Money ne ko Moov ko MyNita, ko ya je ofishinsu da shaidar turawar, kai kuma ka raka shi in da hali. Ana iya tsayar da kuɗin in ba a riga an cire ba, shi ya sa ba a jira gobe. A kira mai lambar ma cikin ladabi, akwai masu tsoron Allah da yawa. In kuɗin bai dawo ba, kuma lambar da ka rubuta ita ya bi harafi da harafi, to asarar taka ce, ba tasa ba.

Lambobinmu guda 8 ne, ba su da wuyar dubawa. Kwafe lambar daga wayarka maimakon bugawa da hannu, ka rubuta sunan da zai fito, ka ce wa mai saye in ya ga wani suna daban kada ya tura.

Na aika kaya garin Tawa a mota, sai da ya isa aka ga ba shi aka nema ba. Wa zai biya kuɗin dawowa?

Wanda ya yi kuskuren. In tallanka ya ce lamba 42 ka aika 40, zuwa da dawowa da sake aikawa duk a kanka suke. In kuwa ka aika daidai abin da aka nema, mai saye ne ya canza ra'ayi, shi zai biya, kai kuma karɓar ma alfarma ce.

Sai dai a yi lissafi kafin a ce a dawo da shi. Daga Yamai zuwa Tawa sama da kilomita 500 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da yankin Ƙonni, kuma kowace aika a Rimbo ko STM ko wata mota da kuɗinta, ga na mai moto da zai kai tasha ya ɗauko. In kayan na jikka biyar ne, zirga-zirgar za ta iya cinye shi. Wani lokaci ya fi sauƙi ka yi wa mai saye ragi mai kyau ya riƙe, ko ya nemo wanda zai saya a can, ko ka bar shi wajen wani ɗan'uwa a Tawa har a samu mai so. Kafin ka rufe kowane ƙunshi, ɗauki hotonsa a buɗe ka tura wa mai shi ya ce "shi ne". Wannan ɗabi'a ɗaya tana kashe yawancin rigimar aike.

An cire tallana, ban san abin da na yi ba.

Duba ko kayan yana cikin waɗanda Facebook ya hana a Marketplace: magunguna, makamai, taba, giya, kayan jabu, da dabbobi masu rai. Na ƙarshen nan yakan ba mutane mamaki gab da Layya, lokacin da kowa ke son nuna ragonsa. Masu kayan mata da maganin ƙiba ko na rama su ma suna yawan faɗawa ciki, haka mai sa sunan babban kamfani a kan jaka ko agogon kwaikwayo. In kana ganin kuskure aka yi, akwai wurin neman a sake dubawa. Abin da bai kamata ba shi ne sake sa tallan sau da yawa da ɗan canji, don hakan na iya sa a taƙaita asusun gaba ɗaya.

Kayan ba nawa ba ne, na wani Elhaji ne a Babbar Kasuwa, ni talla nake yi in ci la'ada. Ya ƙara farashi bai gaya mini ba.

Mai saye bai san Elhaji ba, kai ya sani. Haka abin yake ga duk masu ɗaukar hoto a Babbar Kasuwa ko Wadata ko Katako su sa a waya. Kafin ka ce wa kowa ya turo kuɗi, kira mai shagon ka tabbatar kayan na nan kuma farashin bai motsa ba. In ka riga ka sallama, je ka same shi da kanka: "Elhaji, na riga na ba da magana a kan tsohon farashi, a taimaka a bar mini wannan ɗayan haka." In ya ƙi, la'adarka ce za ta cike giɓin. Tsofaffin hotunan da suka wuce mako biyu kuma ka riƙa sharewa, musamman kayan da ke bin canjin kuɗi da halin iyaka.

Na gyara, na ba da haƙuri, amma yana ta zagina a rukuni. In rama?

A'a. Amsa sau ɗaya a bainar jama'a, da abin da ya faru da abin da ka yi: "Gaskiya ne an samu kuskure a girman rigar. Na mayar masa da kuɗinsa jiya da yamma, ina kuma ƙara ba shi haƙuri." Daga nan ka yi shiru a rukunin, sauran magana a waya. Masu karatu ba su san ku ba, yadda kowa ya yi magana suke aunawa.

Kada ka wallafa hotonsa ko lambarsa ko hirarku don huce haushi. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a 2024 an dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya.  Ajiye shaidar mayar da kuɗin da hotunan hirar a wajenka, ko da za a kai ga zama gaban wani.

Akwai abin da zan riƙa dubawa kafin in danna turawa?

Karanta farashin da ƙarfi, lamba bayan lamba, ka ƙirga sifili. Duba ko hoton na wannan kayan ne ba na makamancinsa ba. Tabbatar ka faɗi adadin da ya rage, da ko kuɗin kaiwa yana ciki, don kai kaya Yantala daga Bukoki ba ɗaya ba ne da ƙetare gada zuwa Harobanda, kuma mai moto ba zai yi maka ragi don ka manta rubutawa ba. In kayan mai tsada ne, tura tallan ga mutum ɗaya na gida tukuna, ka ce ya faɗa maka nawa ne, mene ne, kuma wa za a tura wa kuɗi. In ya amsa ukun daidai ba tare da ya tambaye ka ba, sai ka fitar da shi ga jama'a.